Wa ya cancanci zama gwarzon kakar ƙwallon kwando? Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen MVP

Duk shekara, da zarar watan Maris ya kama, gardama kan kaure tsakanin masu bibiyar gasar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a kan ɗan wasan da ya kamata a ba kyautar gwarzon kaka, wadda aka fi sani da MVP. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yawan yi. Mun fi ba da ƙarfi a kan NBA domin ita ce ta fi daɗewa tana wannan zaɓe kuma alƙalumanta a buɗe suke, amma mun taɓo gasar mata ta WNBA, da EuroLeague ta Turai, da BAL ta Afirka.

Yaya ake zaɓen gwarzon NBA a halin yanzu?

'Yan jarida da masu sharhin wasanni 100 ne ke kaɗa ƙuri'a. Kowanne zai rubuta sunaye biyar a jere. Wanda ya sa a farko yana da maki 10, na biyu 7, na uku 5, na huɗu 3, na biyar 1. A tara makin, wanda ya fi yawa shi ne gwarzo. Ana karɓar ƙuri'un bayan an kammala wasanni 82 na kaka, kafin a shiga zagayen fitar da zakara, don haka abin da mutum ya yi ko ya kasa yi a wannan zagaye bai shafi sakamakon ba.

An fara ba da kyautar a kakar 1955-56, Bob Pettit ne ya fara ɗauka. Daga lokacin har zuwa 1980, 'yan wasa ne ke zaɓe da kansu. Daga kakar 1980-81 aka miƙa wa 'yan jarida. Kofin kuma tun daga kakar 2022-23 sunan Michael Jordan yake ɗauke da shi.

Akwai ƙa'idar da aka rubuta wa masu ƙuri'a su bi?

Babu, kuma daga nan rigimar ta samo asali. Hukumar gasar ba ta taɓa fitar da ma'auni ta ce ga abin da za a auna ba. Shi ya sa za ka tarar mutum ɗari suna amsa tambayoyi daban-daban a kan takarda iri ɗaya. Wani yana neman wanda ya fi kowa iya ƙwallo a duniya. Wani yana neman tauraron ƙungiyar da ta fi kowa nasara. Wani yana tambayar kansa wace ƙungiya ce za ta fi durƙushewa idan aka cire mata mutum ɗaya. Wani kuma labarin da ya fi daɗi a kakar ne ke jan hankalinsa.

A namu ganin, ya kamata hukuma ta rubuta jimla ɗaya a saman takardar ƙuri'a: gwarzo shi ne ɗan wasan da ya fi ƙara wa ƙungiyarsa damar cin wasanni a wannan kaka, idan aka haɗa ingancin wasansa da yawan lokacin da ya yi a fili. Wannan jimla ba za ta kashe gardama ba, amma za ta sa a riƙa gardama a kan abu guda. Za ta kuma fitar da abubuwa uku daga lissafi: abin da mutum ya yi bara, yawan kofunan da ya riga ya tara, da tausayin wanda bai taɓa samu ba.

Me ya sa ba za a ba wanda ya fi kowa zura maki ba, a huta?

Domin maki ba kyauta ake samun su ba. Kowane jifa yana cinye hari ɗaya daga cikin kusan hare-hare 100 da ƙungiya ke samu a wasan NBA na yanzu. Tambayar ita ce, hari nawa mutum ya ƙona kafin ya tara makinsa.

Akwai lissafi mai sauƙi da masu nazari ke amfani da shi wajen gane sahihancin jifa. Ka ɗauki yawan jifan da mutum ya yi cikin wasa, ka ƙara masa kashi 44 cikin 100 na jifan kyauta da aka ba shi sakamakon ƙeta, ka ninka jimlar sau biyu, sannan ka raba makinsa da abin da ka samu. Ga misali na ƙirƙira. Ɗan wasa na farko ya ci maki 30 da jifa 25 da jifan kyauta 6: sahihancinsa ya kama kusan kashi 54. Na biyu ya ci maki 26 da jifa 16 da jifan kyauta 8: nasa ya kusa kashi 67. Na farkon ya cinye hari kusan 28, na biyun bai kai 20 ba. Hare-hare takwas ɗin da suka rage abokan wasansa ne za su yi amfani da su, kuma ko da matsakaitan 'yan wasa ne, za su fitar da maki kusan tara. Ka ga mai 26 ya fi mai 30 amfani a wannan dare.

Abin da ya sa kakar Stephen Curry ta 2015-16 ta zama abin kwatance ke nan. Ya ci matsakaicin maki 30.1 a kowane wasa, ya zura jifan maki uku 402, sahihancinsa ya kai kusan kashi 67, ƙungiyarsa Golden State ta ci wasa 73 ta faɗi 9. Duk masu ƙuri'a 131 na lokacin shi suka sa a farko, kuma shi kaɗai ne ya taɓa samun haka a NBA.

Sai kuma saurin wasa. A kakar 1961-62 Wilt Chamberlain ya ci matsakaicin maki 50.4, Oscar Robertson ya haura goma-goma a maki da cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando da kuma miƙa ƙwallon da aka ci. A wancan zamani ƙungiyoyi kan kai hari sama da 120 a wasa, kuma Chamberlain kusan ba ya fita daga fili. Duk wanda zai kwatanta alƙaluma, to ya mayar da su kan hari 100, ba kan wasa ɗaya ba. A waccan kakar dai 'yan wasa Bill Russell suka zaɓa, wanda makinsa bai kai rabin na Chamberlain ba.

Dole ne gwarzo ya fito daga ƙungiyar da ke saman teburi?

Ba dole ba ne a doka, amma al'ada ta kusa mayar da shi dole. Daga 1983 zuwa 2016, duk wanda ya ci kyautar ƙungiyarsa tana sahun gaba a yankinta (NBA ta kasu yanki biyu ne, Gabas da Yamma). Russell Westbrook ne ya karya wannan a 2017, lokacin da Oklahoma City ta ƙare ta shida a yankin Yamma da nasara 47, shi kuma ya kai aƙalla goma-goma a fannoni uku a wasanni 42. Nikola Jokić ya maimaita a 2022 da Denver mai nasara 48, ita ma ta shida. Can baya, a 1976, Kareem Abdul-Jabbar ya ci kyautar alhali Lakers ta ci 40 ta faɗi 42, ko zagayen fitar da zakara ba ta shiga ba.

Nasarar ƙungiya shaida ce, amma shaida ce a kan mutum goma sha wani abu da kocinsu, ba mutum ɗaya ba. Wanda ke wasa da taurari biyu zai tara nasara 60 cikin sauƙi, wanda abokan wasansa na gaba suka kwanta jinya zai sha wahala kafin ya kai 48. Jokić na 2022 haka ya yi kakar, babu Jamal Murray gaba ɗaya, Michael Porter Jr. kuma wasa tara kacal ya buga. Hanyar da ta fi adalci ita ce a duba yadda ƙungiyar take idan mutumin yana fili da yadda take idan yana benci, sannan a tambaya: su wa ke shiga idan ya fita?

Muna dai ganin akwai iyaka. Ƙungiyar da ta faɗi fiye da rabin wasanninta, da wuya a ce wani a cikinta ya fi kowa ƙara nasara a gasar, sai fa idan alƙaluman sun yi nisan da ba a taɓa gani ba.

To ai sai a duba yadda ƙungiya ke lalacewa idan babu shi. Wannan bai isa ba?

Yana da amfani, amma yana yaudara. Cleveland ta ci wasa 61 a kakar 2009-10 da LeBron James, da ya tafi Miami sai ta ci 19. Phoenix ta tashi daga nasara 29 zuwa 62 a shekarar da Steve Nash ya koma can, abin da ya taimaka masa ya doke Shaquille O'Neal a 2005 duk da makin Nash 15.5 ne a wasa. To amma Chicago ta ci 57 a kakar 1992-93 da Michael Jordan, da ya ajiye wasa sai ta ci 55. Babu mai hankalin da zai ce nasara biyu ce kaɗai darajar Jordan.

Matsalar ita ce wannan ma'auni yana saka wa ɗan wasa da alheri saboda shugabannin ƙungiyarsa sun kasa sayo mataimaki nagari, yana kuma hukunta wanda ƙungiyarsa ta ginu da kyau. Haka abin yake da alƙaluman fili da benci a cikin kaka ɗaya. Idan mai canjinka rago ne, tazarar za ta yi faɗi ko da kai ba wani abin a zo a gani ka yi ba. Idan koci yana fitar da manyan 'yan wasansa biyar a lokaci guda, lissafin ba zai iya bambance wanda ke jan sauran ba. Kuma mintunan da tauraro ke yi a benci ba su da yawa, 'yan wasanni kaɗan da abokan hamayya suka yi sa'ar jifan maki uku sun isa su karkatar da adadin.

Me ya sa ba za a bar wa kwamfuta ba, tunda akwai alƙaluma na zamani?

Akwai su da yawa, kowanne yana dunƙule rawar ɗan wasa a lamba ɗaya: PER da John Hollinger ya ƙirƙira, wanda matsakaicinsa 15 ne, da BPM, da VORP, da EPM, a Turai kuma PIR. Kowanne mutum ne ya zauna ya yanke nauyin da zai ba kowane abu, don haka kowanne yana da son ransa. PER da PIR suna fifita mai yawan jifa da mai yawan cafke, ba sa ganin mai tsaron da ya hana a yi jifan tun farko. Waɗanda aka gina a kan bambancin maki lokacin da mutum yake fili sun fi kama tsaro, amma suna buƙatar wasanni masu yawa kafin su daidaita.

Akwai kuma hatsarin da ya fi wannan. Ranar da aka ce lissafi kaza ne zai ba da kofi, ranar 'yan wasa za su fara buga wa lissafin wasa. Dogon ɗan wasa zai bar wa tauraro ƙwallon da ta dawo daga kwando ko da babu mai takara da shi, tauraro zai ƙi jifan nesa na ƙarshen zango don kada ya ɓata kasonsa. Ana ganin irin wannan tun yanzu ma.

Yadda ya dace a yi amfani da su shi ne a matsayin rariya. A duba ma'auni uku ko huɗu masu tushe daban. Idan duk sun nuna mutum biyar iri ɗaya a sama, to cikin biyar ɗin nan gwarzo yake. Daga nan sai a koma kallon wasa: wa ake tura wa mutum biyu su tsare, wa ke samar wa abokansa jifa a sarari, wa abokan hamayya ke farauta idan suna kai hari domin sun san raunin tsaronsa. Idan ɗan takararka bai shiga goman farko a ko ɗaya daga ma'aunan ba, kai ne ke da aikin kawo hujja.

Ana lissafa tsaro kuwa?

Ana faɗa da baki, amma ƙuri'a ba ta cika nunawa ba. Mutum uku ne kacal suka haɗa kyautar gwarzo da ta gwarzon mai tsaro a kaka ɗaya: Michael Jordan a 1988, Hakeem Olajuwon haifaffen Legas a 1994, da Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka da iyayensa 'yan Najeriya ne, a 2020. Dikembe Mutombo da Ben Wallace da Rudy Gobert kowannensu ya ci kyautar tsaro sau huɗu, babu wanda ya kusanci MVP.

Akwai dalili na gaskiya a nan, ba son zuciya kaɗai ba. Mai kai hari shi ke zaɓar inda ƙwallo za ta bi, don haka ana iya ba tauraro ƙwallo a kusan kowane hari. Mai tsaro kuwa ana iya kauce masa, a ja shi gefe a kai hari ta wani wajen. Saboda haka gwanin hari na ƙarshe ya fi gwanin tsaro na ƙarshe tasiri. Amma idan 'yan takara biyu sun yi kusa a hari, tsaro ne ya kamata ya raba gardama. Kada a tsaya ga ƙwace da tare jifa, domin mai yawan cacar ƙwace yakan bar gurbi a bayansa. Tun 2013 akwai kyamarorin bin motsi a dukkan filayen NBA, ana iya ganin kason jifan da abokan hamayya ke ci a gindin kwando idan wane yana kusa, da ma yadda suke fasa shiga gindin kwandon gaba ɗaya.

Mene ne dokar wasa 65, kuma ta yi daidai?

Daga kakar 2023-24, bisa yarjejeniyar hukuma da ƙungiyar 'yan wasa, sai mutum ya buga aƙalla wasa 65 cikin 82 kafin ya shiga takarar MVP da wasu manyan kyaututtuka. Wasa ba ya shiga lissafi sai an yi minti 20 a cikinsa, in ban da wasa biyu da aka yarda a ƙirga idan an yi tsakanin minti 15 da 20. Akwai sassauci ga wanda ya kai wasa 62 sannan ya ji raunin da ya kawo ƙarshen kakarsa, muddin ya buga kashi 85 cikin 100 na wasannin ƙungiyarsa kafin raunin. An kawo dokar ne don a rage yadda ƙungiyoyi ke hutar da taurari lafiyarsu ƙalau, alhali mutane sun sayi tikiti, gidajen talabijin sun biya kuɗi.

Manufar tana da kyau, ginin ne ke da matsala. Wasa 64 da wasa 65 ba su da wani bambanci a fili, amma doka ta sa ɗaya ya cancanta ɗaya ya faɗi. Hakan na tura mai rauni ya dawo kafin ya warke. A kakar farko ta dokar, Joel Embiid, haifaffen Yawunde kuma gwarzon 2023, yana cin sama da maki 34 a wasa, har ya zura 70 a ragar San Antonio a watan Janairu, sai gwiwa ta kwantar da shi ya ƙare da wasa 39. Shi kam ko babu doka ba zai ci ba. Ai tun kafin dokar masu ƙuri'a suna hukunta rashin zuwa: a cikakkiyar kaka mai wasa 82, Bill Walton na 1978 ne kaɗai ya ci kyautar da wasa ƙasa da 65, shi ma 58 ya buga, kuma Portland ta ci 50 cikin 60 na farko kafin ya ji ciwo.

Lissafin jimla ya wadatar. A ce wani yana ƙara wa ƙungiyarsa maki 8 a kowane hari 100, ya buga wasa 60. Wani yana ƙara 6.5, ya buga 80, mintunansu a wasa ɗaya ne. Na farko ya tara 480, na biyu 520. Na biyun ne gwarzo, ba tare da an gina wata katanga ba. Idan kuma lallai sai an sa sharaɗi, jimlar mintuna ta fi ƙirgen wasanni ma'ana, domin mai wasa 63 yana yin minti 37 ya fi mai wasa 66 yana yin minti 30 daɗewa a fili.

Su wa ya kamata su yi zaɓen: 'yan jarida, 'yan wasa, masu horarwa ko magoya baya?

Kowane rukuni da cutarsa. 'Yan wasa sun san wahalar tsare mutum fiye da kowa, amma ba sa kallon wasannin wasu ƙungiyoyi sosai, kuma akwai abota da gaba. A zamanin da suke zaɓe an sha samun saɓani: Russell ya ci MVP a 1958 da 1961 da 1962, Dave Cowens a 1973, alhali 'yan jarida ba su sa su a jerin gwanaye biyar na farko na waɗannan shekaru ba. A 2015 da ƙungiyar 'yan wasa ta shirya nata zaɓe, James Harden ta ba, ita kuwa kyautar hukuma Curry ne ya ɗauka.

Masu horarwa sun fi kowa nazarin bidiyo, sai dai nazarin abokin karawar gobe suke yi, ba na neman gwarzo ba. Magoya baya kuwa ƙuri'arsu ta yawan jama'a ce. A 2017 sun kai Zaza Pachulia, ɗan Jojiya, matsayi na biyu cikin 'yan gaba na Yamma a zaɓen wasan taurari, sai da kason 'yan wasa da na 'yan jarida ya hana shi shiga. 'Yan jarida su ne suka fi kallon gasar gaba ɗayanta, cutarsu ita ce son labari da bin juna: da zarar manyan masu sharhi sun karkata a watan Fabrairu, sauran sai su bi.

EuroLeague tana haɗa duka huɗun, masu horarwa da kyaftin-kyaftin da 'yan jarida da magoya baya, ta fi ba na farkon biyu nauyi. Ga NBA, mun fi karkata ga a bar wa 'yan jarida mafi yawan nauyin, a ƙara masu horarwa 30 da sharaɗin ba za su zaɓi ɗan ƙungiyarsu ba. Gyara biyu da aka riga aka yi sun taimaka: tun 2014 ake buga ƙuri'ar kowa da sunansa, kuma tun 2017 aka cire masu sharhin da ƙungiyoyi ke biya albashi. Buga sunan yana da nasa lahani, domin tsoron zagin magoya baya kan sa mutum ya bi ayari, amma ya fi ɓoyewa.

Zai yiwu wanda aka fi sa wa a farko ya faɗi?

Ya faru. A 1990 mutum 38 ne suka sa Charles Barkley a farko, 27 suka sa Magic Johnson, amma Johnson ya ci da maki 636, Barkley na da 614, domin wasu sun jefa Barkley can ƙasa ko sun bar shi gaba ɗaya. A WNBA a 2023, Alyssa Thomas ta samu ƙuri'ar farko 23, Breanna Stewart 20, A'ja Wilson 17, Stewart ta ci da maki 446, Thomas na da 439.

Ba aibi ba ne a ce wanda kowa ya yarda yana cikin biyun farko ya doke wanda ya raba kan jama'a. Inda gizo ke saƙar shi ne mai ƙuri'a ɗaya zai iya cutar da abokin takarar gwaninsa ta hanyar ƙin rubuta sunansa, ya hana shi maki 7 a banza. Maganinsa mai sauƙi ne: bayan an tara maki, a ɗauki biyun farko a duba takarda nawa ce ta sa wannan a saman wancan. Idan sakamakon ya saɓa, wannan ƙirgen na biyu ya yanke hukunci.

Gaskiya ne masu ƙuri'a kan gaji da mutum ɗaya?

Alamu sun nuna haka. Tun bayan Larry Bird a 1984 zuwa 1986 babu wanda ya ci sau uku a jere, kafin shi kuma Russell da Chamberlain ne kaɗai. A 1997 Chicago ta ci wasa 69, Jordan ya fi kowa maki a gasar, aka ba Karl Malone na Utah mai nasara 64. A 2011 Derrick Rose ya ci yana ɗan shekara 22, bayan LeBron James ya ci biyu a jere ya kuma ɓata wa mutane rai da yadda ya koma Miami. Rose da Malone duk sun yi kaka mai kyau, ba a ce ba su da hujja ba. Amma hujjar "ai wane ya samu da yawa" ba ta da gurbi a takardar ƙuri'a.

Akwai kuma mantuwa. Wasan Nuwamba da na Afrilu nauyinsu ɗaya a teburi, amma na Afrilu ne ke cikin kan mai zaɓe. Gyaran da za a iya yi shi ne a raba ƙuri'ar kashi huɗu, a kaɗa bayan kowane wasa 20 ko 21, a rufe sakamakon har ƙarshen kaka sannan a tara.

Me ya sa ba a jira a gama zagayen fitar da zakara?

Masu wannan ra'ayi suna da misalai masu zafi. A 2007 Dirk Nowitzki ya karɓi kofinsa bayan Dallas mai nasara 67 ta riga ta sha kashi a zagayen farko a hannun Golden State, wadda ta shigo a ta takwas. A 1995 an miƙa wa David Robinson na San Antonio kofi, Olajuwon na Houston kuma ya wulaƙanta shi a wasannin ƙarshe na yankin Yamma, Houston ta wuce ta ɗauki kambun gasar.

Duk da haka raba su ya fi. Idan aka haɗa, kyautar za ta koma ta tauraron ƙungiyar da ta ci kofi, watanni shida na kaka su tashi a banza. Kuma akwai kyautar da aka tanada don wannan: gwarzon wasannin ƙarshe, tun 1969, wanda Jerry West ya fara ci duk da ƙungiyarsa Lakers ce ta faɗi. Tun 2022 an ƙara gwarzon wasannin ƙarshe na kowane yanki. Giɓin da ya rage shi ne babu kyauta ɗaya da ta rufe dukkan zagaye huɗu na fitar da zakara.

Ina ruwan kuɗi da wannan zaɓe?

Ruwa da tsaki. Yarjejeniyar albashi ta ɗaura mafi girman kwantiragi a kan kyaututtuka. Matashin da ke sabunta kwantiraginsa na farko yana iya tashi daga kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na iyakar albashin ƙungiya idan ya ci MVP ko kyautar tsaro ko ya shiga jerin gwanayen kaka. Wanda ya ƙara shekaru kuma yana iya tashi daga 30 zuwa 35 a ƙungiyarsa. A 2021 Jayson Tatum bai shiga jerin gwanaye ba, abin da ya sa ya rasa sama da dala miliyan 30. Ɗan jaridar da gobe zai shiga ɗakin canza kaya neman hira bai kamata a ce ƙuri'arsa ce ke yanke irin wannan kuɗi ba. Ƙungiyoyi da 'yan wasa su nemi wani ma'aunin albashi, a bar kyauta ta zama kyauta.

Ƙananan gasa masu 'yan wasanni kaɗan fa, irin BAL ko gasar cikin gida?

Nan lissafin ya sha bamban. BAL, wadda aka fara a Kigali a 2021 kuma kofin gwarzonta ke ɗauke da sunan Hakeem Olajuwon, ƙungiya ba ta buga wasannin da suka kai ko kwatan na NBA. A irin wannan, alƙaluman fili da benci ba su da amfani, wasa ɗaya da aka yi wa wata ƙungiya ruwan maki ya isa ya birkita su. Haɗa wasannin rukuni da na fitar da zakara ya zama dole, in ba haka ba babu abin aunawa. A shekaru ukun farko gwarzon daga ƙungiyar da ta ci kofi ya fito, sai a 2024 aka ba Jo Lual-Acuil na Al Ahly ta Libiya, duk da Petro de Luanda ce ta doke su a wasan ƙarshe.

Ga gasar da ba ta da kyamarori ko masu nazari, hanya mafi tsabta ita ce ƙuri'ar wasa-wasa. Bayan kowane wasa, koci biyun da kwamishinan wasa kowanne ya rubuta mutum uku da suka fi taka rawa, a ba su maki 3, 2, 1. Koci ba zai sa ɗan ƙungiyarsa a farko ba. A sa hannu, a rufe a ambulan kafin a bar fili, domin ƙuri'ar da aka karɓa bayan kwana uku ta waya ta riga ta sha iska. Teburin alƙalai ya rubuta aƙalla mintuna, da jifan da aka yi da wanda ya shiga, da jifan kyauta, da zubar da ƙwallo, ba maki kaɗai ba, domin da waɗannan ne za a iya fitar da sahihancin jifa. A sanar da ƙa'idar kafin wasan farko, har da yadda za a raba kunnen doki: wanda aka fi ba maki 3, idan nan ma an yi daidai sai a koma ga wanda ƙungiyarsa ta fi matsayi a teburi. Idan ƙungiyoyi ba su buga adadin wasa ɗaya ba saboda wasu sun fita da wuri, a raba makin kowa da yawan wasannin ƙungiyarsa, tare da sharaɗin ya buga aƙalla kashi uku cikin huɗu na wasannin.